Zangon Wagadugu da Tarihin Sanin Haɗuwar Magunguna a Jini

Fatake Hausawa ne suka raya unguwar Zangouettin, wato Zangon Wagadugu, a kan hanyar goro da ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, kuma kamar a sauran zanguna, saiwa da sassaƙe da aikin wanzamai su ne magani tun kafin zuwan asibitin Turawa. Ko da aka rushe unguwar a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA na sake fasalin tsakiyar birnin, al'adar haɗa jiƙo da ƙwayar asibiti ba ta gushe ba, kuma dokar lafiya ta Burkina Faso ta 1994 ma ta amince da maganin gargajiya. Abin da ya zo a makare shi ne sanin yadda magani ɗaya ke rage ko ƙara yawan wani a cikin jini.

Tushen wannan ilimi yana cikin hanta, inda a 1958 aka gano wani sinadari da masanan Japan, Omura da Sato, suka raɗa wa suna P450 a 1962, wanda daga bisani aka fahimci cewa dangi ne na enzayim, wato sinadaran da ke narkar da magunguna domin jiki ya fitar da su. A 1989 David Bailey da abokan aikinsa a Kanada suka lura cewa ruwan garehul yana sa wani maganin hawan jini ya taru fiye da kima, daga baya kuma aka gano cewa yana danne ɗaya daga cikin waɗannan enzayim ne, CYP3A4. A 2002 kuma masu bincike a Rotterdam suka nuna akasin haka, cewa tsiron Hypericum, wanda Turawa ke sha don damuwa, yana rage ɓangaren maganin irinotecan mai kashe sankara da kashi 42 cikin ɗari.

Lamarin ya fi shafar Afirka ta Yamma ta fuskar tarin fuka, saboda rifampicin, ginshiƙin maganinsa, yana zaburar da hanta har yawan imatinib, maganin sankarar jini da aka amince da shi a 2001, ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, yayin da ritonavir na masu ƙanjamau ke iya tara vincristine, wani maganin sankara, a jiki har ya illata jijiyoyi. Idan maganin sankara ya yi kaɗan cutar takan farfaɗo, idan ya yi yawa yakan zama guba, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ƙanƙanuwa ce.

Saboda haka likitan Asibitin Yalgado Ouédraogo da ke Wagadugu ba zai iya daidaita awon magani ba sai majiyyaci ya bayyana masa duk abin da yake sha, na kemis da na mai saiwa, kuma ba zai bayyana ba sai an tambaye shi cikin mutunci, ba tare da raina gadon iyayensa ba.