Tarihin Da Ke Bakin Kaka: Yawuri, Ngaski Da Mutanen Gungu

Yau za mu ɗan ajiye muciya da ludayi, mu yi tafiya zuwa kudancin Jihar Kebbi, can bakin kogin Kwara, ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, domin mu ji yadda aka yi aka zauna a wurin.

Abin da ya jawo wannan hira kuwa shi ne, kwanakin baya na je wani biki, ina zaune kusa da wata dattijuwa mutuniyar ƙasar Ngaski. Jikarta ta zo wucewa, sai tsohuwar ta yi mata magana da yarensu. Yarinya ta tsaya ta yi sororo, sannan ta fashe da dariya. Uwarta ta ce, "Haba Inna, ki yi mata Hausa mana, ai ba ta ji." Tsohuwa ta yi shiru, ta gyara mayafinta. Wallahi shirun nan ya daɗe yana damuna. To, 'yar'uwa, in kin biyo ni a hankali, za ki gane abin da ke cikin wannan shiru.

Masarautar Yawuri ɗaya ce daga cikin masarautu huɗu na Jihar Kebbi, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma ƙananan hukumomi uku ne a ƙarƙashinta: Yawuri da Shanga da Ngaski, wadda hedkwatarta ke Wara. Sarki yana zaune a Yelwa. Amma tsohuwar fadar tana Birnin Yawuri ne, a cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunan garin ba sai a watan Yunin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya da ke can. Allah Ya kiyaye gaba. Sai dai garin ya girmi wannan baƙin labari da ɗaruruwan shekaru, kuma har gobe ana ganin burbushin ganuwarsa.

Tun muna firamare aka koya mana Hausa Bakwai da Banza Bakwai, aka ce Yawuri tana cikin na biyun, tare da Zamfara da Kabi da Gwari da Nufe da Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. Wannan rabo daga labarin Bayajidda ya fito, labarin da aka tsara daga ɓangaren Daura. Mutanen bakin Kwara suna da nasu labarin, kuma kafin a yi sarautar Hausawa a wurin akwai masu ƙasa zaune.

Su wane ne? Akwai Gungawa, mazauna tsibiran kogi. Kalmar gungu ma'anarta tsibiri, haka ma Zabarmawa ke cewa. Akwai Kambari, manoman tudu, waɗanda suka fi yawa a ƙasar Ngaski. Akwai Shangawa da Lopawa da Dukkawa. Daga baya Sarkawa masunta suka gangaro daga wajen Kabi suka zauna cikinsu.

Ki lura da wani abu a nan, uwargida. Duk sunayen nan da na lissafa, yadda Bahaushe ke kiransu ne. Bagunge ba ya ce wa mutanensa Gungawa a cikin yarensa. Bareshe suke kiran kansu, harshensu kuma Tsureshe. Shi kansa Birnin Yawuri, sunansa a bakinsu Ireshe. Kin ji yadda sunan mutanen da na harshen da na garin suka fito daga tushe ɗaya? Ko babu takarda, wannan kaɗai shaida ce a kan waɗanda suka fara riƙe wurin. Ranar da aka rasa mai jin Tsureshe, wannan shaida ta bi ruwa.

Haka abin yake ga Kambari. Mu dai Kambari kawai muke cewa, alhali su kashi-kashi ne. Akwai Ashingini masu magana da Tsishingini, akwai Akimba masu Tsikimba, akwai Avadi masu Tsuvadi. Wannan "tsi" ko "tsu" da ke farkon suna, shi ne ke yin aikin da "anci" ke yi a wurinmu in mun ce Fulatanci ko Nufanci. Kin ga kuwa irinsa ne a Tsureshe. Masana harsuna sun tabbatar da cewa Gunganci da Kambarci da Dukkanci da Dakarcin Zuru dangi ne, har suka raɗa wa zuriyar suna harsunan Kainji. Shanganci kuwa daban yake. Shi ɗan'uwan Kyanganci ne da Busanci, daga babban gidan harsunan Mande, gidan da Bambarancin ƙasar Mali ya fito. Wato daga jin bakin mutum, sai a gane hanyar da kakanninsa suka biyo.

To, yaya aka yi sarautar ta zama ta Hausawa? Kasuwanci ne ya kawo su. Yawuri tana kan hanyar fataken da ke tasowa daga Katsina da Kano zuwa Gwanja sayen goro, a ƙasar Gana ta yanzu. Dole ayari ya tsaya a bakin Kwara ya nemi masu jirgin da za su ƙetarar da shi da jakunansa. Masu jirgin nan 'yan ƙasa ne. Ana nan ana nan, baƙi suka yi zango, zango ya zama unguwa, aka yi auratayya. Jerin sarakunan da ake riƙe da shi a fada ya fara ne da Tafiraulu, wanda ruwaya ta ce Bahaushe ne, a cikin ƙarni na 15. Bayan zamaninsa aka yi gidan Jerabana, wanda ya daɗe yana mulki. Ita ma ƙasar Ngaski tana da tata tsohuwar sarauta mai suna Maginga, wadda ta mulki Kambarin yankin.

Ki tambayi kanki, 'yar'uwa, su fataken nan da suka zauna, wa suka aura? Ai ba kowa ke tafiya Gwanja da iyali ba. 'Ya'yan masu ƙasa suka aura. Saboda haka gidaje da yawa a ƙasar nan, uba Bahaushe ne, uwa kuwa Bagunga ko Bakambara. Jerin sarakuna yana kawo sunan uba da ɗa. Labarin ɗakin uwa kuwa sai a bakin tsofaffin mata.

Amma akwai sarki ɗaya da tarihi ya riƙe da suna irin namu. Shi ne Muhammadu Albishir, wanda aka fi sani da Ɗan A'i. A'i kuwa kowa ya san sunan mace ne. A zamaninsa aka yi jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804. Sarakuna da yawa sun rasa gadonsu a lokacin. Shi Ɗan A'i sai ya nemi amana, ya bi, Yawuri ta shiga ƙarƙashin Gwandu tana kai gaisuwa, sarauta kuma ta zauna a gidanta.

A cikin shekarun nan ne Turawa suka fara leƙowa. A farkon 1806 Mungo Park, Baturen da ke neman inda Kwara ta nufa, ya ratsa ta Yawuri a cikin jirginsa, bai yi nisa ba ya halaka a ruwa wajen Bussa. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu daga Ingila, Richard da John Lander, suka zo Birnin Yawuri neman takardun da ya bari. Sun yi makonni a garin, suka rubuta cewa birni ne babba mai doguwar ganuwa da jama'a da yawa. Wannan shi ne garin da yau wasu ke wucewa a mota ba su ko waiwaya ba.

Me ya rage masa ƙarfi? Abu biyu ne. Na farko rikicin cikin gida, 'ya'yan sarki suna yaƙi da juna a kan gado, har a tsakiyar ƙarni na 19 aka bar birnin, sarauta ta koma tsibirin Ikum a cikin kogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya kafa Kontagora, da ɗansa Ibrahim bayansa. Sun cinye yanki mai yawa na ƙasar Yawuri, kuma Kambari sun fi kowa shan wahalar hare-haren kamun bayi. A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa, inda fadar take har yanzu. Turawan Ingila suka ci Kontagora a 1901. Su ma sun taɓa sarautar: a 1915 suka cire Sarki Jibrilu suka naɗa wani baƙo mai suna Aliyu, sai a 1923 sarauta ta dawo gida, aka naɗa Abdullahi ɗan Jibrilu. Daga wannan gida ne Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi ya fito, wanda ya hau gado a 1999.

Duk wannan labarin fada ne, kuma alhamdu lillahi an rubuta shi. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a kai ɗan Ngaski ne, Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato daga 1982 zuwa 1989. Ya yi bincike a kan Yawuri da Maginga, kuma a 1978 ya fitar da littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Ina ya samo da yawa daga abin da ya rubuta? Gaban tsofaffi ya je ya zauna, ya tambaya, ya saurara. Da ya yi jinkiri har suka kwanta dama, da mun yi asara.

Yanzu bari mu zo kan ruwa. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji domin samar da wutar lantarki, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, daga Kainji har zuwa wajen Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Tsohon garin Bussa ya nutse, babban tsibirin Foge ya nutse, tsibiran Gungawa da yawa suka bi. Gwamnati ta gina sababbin gidaje a tudu, gaskiya ne. Amma ki tuna mutanen nan sun shahara da noman albasa na rani a bakin ruwa, da su, da tuƙin jirgi. Gonar da aka gada, da kushewar iyaye, da bishiyar da ake nuna wa yaro a ce nan kakanka ya fara sauka, duk suna ƙarƙashin tafki. Matar da aka ɗauke ta tana amarya a 1968, yau ta haura shekara 70. Ita ce ta san inda kowane gida yake a tsibirin da ba a gani.

Da aka hau tudu sai cuɗanya ta ƙaru. Kasuwa da Hausa, makarantar allo da Hausa, asibiti da Hausa, rediyon nan da muke magana ma da Hausa. Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Frank Salamone, ya zauna a Yawuri, kuma a 1975 ya yi rubutu a kan yadda Gungawa ke rikiɗa suna zama Hausawa, suna kiran kansu Yawurawa. Tun a lokacin ke nan, balle yanzu.

Kada a fahimce ni baibai. Hausa harshenmu ne, da ita muke fahimtar juna, kuma ta daɗe a bakin Kwara. Amma yaro yana iya ɗaukar harshe biyu har uku ba tare da ya gaji ba. Abin da ke kashe yare kunya ce, da gorin da ake yi wa mai shi, a ce masa baƙauye. Allah da kanSa Ya yi mu jinsi-jinsi da ƙabila-ƙabila domin mu san juna, kuma Ya sanya bambancin harsuna cikin ayoyinSa. To, don me za mu ji kunyar abin da Ya ba mu?

Saboda haka ga 'yar shawarata. In kina da yare, ko Gunganci ne ko Kambarci ko Shanganci ko waninsu, ki yi wa ɗanki magana da shi tun yana goye. Ki koya masa gaisuwa, da ƙirga, da sunayen kifaye da na hatsi. In ke ba ki iya ba amma akwai tsohuwa a gida, ki bar yara su zauna wurinta da dare, kada ki ce ta juya zuwa Hausa. Wayar da ke hannunki tana ɗaukar murya. Ki zauna da kaka ki tambaye ta: ina aka haife ki, me ake ce wa garin da yarenku, wa ya haifi mahaifiyarki, yaya aka yi ranar tashi, wane sarki ke ci a lokacin? Ki bar ta ta faɗa da harshen da ta ga dama, daga baya a fassara. Ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta a littafi, a adana. Ke kuma da kike Kano ko Katsina ko Maraɗi, kada ki ce wannan ta mutanen Yawuri ce. Ki tambayi taki kakar, za ki sha mamakin inda zancen zai kai ki.

Ita dattijuwar da na ba ku labari, kafin a watse na matsa kusa da ita na ce, "Inna, me kika ce wa yarinyar nan?" Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai 'yata, albarka na sa mata, irin wadda uwata ke sa mini."

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasar Yawuri da Najeriya baki ɗaya zaman lafiya, Ya raya mana zuriya.