Makarantar Okawa: Taswirar Da Ta Ce Ruwa Ba Zai Zo Ba

 Yau za mu leƙa ƙasar Japan, mu waiwayi tarihin wata makarantar firamare ta gwamnati, don mu ga yadda ake auna haɗarin ambaliya, da abin da kan biyo baya idan awon ya kuskure.

Ita dai makarantar Okawa ta kasance a yankin birnin Ishinomaki ne, daf da kogin Kitakami, kimanin kilomita 4 daga bakin teku. Tun kafin shekarar 2011 hukumomi suka zana taswirar wuraren da igiyar ruwa ta tsunami ka iya shafa. Yadda ake wannan aiki kuwa shi ne, a ƙiyasta ƙarfin girgizar ƙasar da ake tsammani, a lissafa tsayin igiyar da za ta tayar, sannan a dubi tudu da kwarin yankin. Da aka gama lissafi, makarantar ta faɗo a wajen layin haɗari, har ma aka mai da ita wurin fakewar jama'a.

To, ranar 11 ga watan Maris na 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9, wadda ta zarce wadda aka gina taswirar a kanta. Malamai suka tara yara a filin makaranta, aka shafe kusan minti 50 ana shawara, alhali ga tsauni nan a bayan ginin. Tsarin ko-ta-kwana na makarantar bai fayyace inda za a gudu ba. Da aka tashi tafiya, sai aka nufi wani ɗan tudu kusa da gada, ruwan kuwa ya biyo kogin ya riske su. Yara 74 cikin 108 suka rasu ko suka ɓace, tare da malamai 10.

A wannan rana, a birnin Kamaishi da ke arewa da nan, ruwa ya cinye wasu makarantun da su ma taswira ta wanke su. Amma Farfesa Toshitaka Katada ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai cewa kada su miƙa wuya ga taswira. Suka ruga kan tudu, manya na riƙe da hannun ƙanana, kusan dukkansu suka tsira.

Iyayen yara 23 na Okawa suka garzaya kotu. A 2018 babbar kotun Sendai ta ce sakacin ya faro ne tun kafin girgizar: wajibi ne hukumomin makaranta su yi wa taswirar kallon tsanaki, su lura da kusancin kogin, su keɓe wurin gudu. Ta ba da umarnin biyan diyyar yen biliyan 1.4 da ɗoriya, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 2019.

Saboda haka mai sauraro, taswirar haɗari ƙiyasi ce, tana da iyaka. Idan makarantar 'ya'yanka na kusa da kogi ko kwari, tambayi shugabanta: in ruwa ya taso, ina za a kai yaran, ta wace hanya, kuma wa zai ba da umarni? Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.