Ruwa Bai San Iyaka Ba

Kowa ya san Jega ya san gulbin Zamfara, wanda manoman fadama su ke dogara da shi da rani, kamar yadda mutanen Aliero da Maiyama su ke dogara da ban ruwa wajen noman albasa da shinkafa. Gulbin nan ya kan gangara ya faɗa gulbin Kabi, shi kuwa ya zuba cikin Kwara. Ita Kwara daga duwatsun Gini ta taso, ta ratsa Mali da Nijar kafin ta iso Nijeriya.

Ingilishi da Faransai sun daidaita kan iyakar Nijeriya da Nijar cikin 1906, amma ruwa bai san da wannan ba. Ga misali, kogin Gada daga ƙasar Katsina ya fito, ya shiga Nijar ya zama gulbin Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Watau a nan mu ne a sama, a Kwara kuwa mu ne a ƙasa. Wanda ya tare wa maƙwabcinsa ruwa yau, gobe ana iya tare masa.

Saboda haka bayan samun mulkin kai, ƙasashen da Kwara da rassanta suka ratsa suka taru a Yamai cikin 1964, suka kafa hukumar lura da kogin. Aka sake mata tsari cikin 1980, ƙasashe tara ke cikinta. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, sai Nijeriya ta shiga ba Nijar wutar lantarki ta hanyar Birnin Kabi, domin kada Nijar ta datse kogin daga sama, ruwan Kainji ya ragu. Har wa yau cikin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri, cewa za su raba ruwan koguna huɗu da ke tsakaninsu bisa adalci, har da gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe.

To, amma alkawari sai da riƙo. Nijar ta aza harsashin tata madatsar a Kandaji cikin 2008. Bayan da soja suka karɓi mulki a Yamai cikin 2023, Nijeriya ta yanke wutar, ba a mayar ba sai cikin 2024. Talakawa ne suka kwana cikin duhu, ba masu rikicin ba.

Abin lura a nan shi ne, ruwan da ya wuce gindin Jega yana cikin wanda ke juya injunan Kainji. Ashe manomin fadama da mutumin Yamai ƙwarya ɗaya su ke sha, ko ba su san juna ba. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.