Salsalar Nazarin Sadarwa a Matakin Babban Digiri da Yadda Ya Iso Gare Mu

Duk wanda ya taɓa duba kundayen da ɗalibai suke rubutawa don neman digiri na biyu ko na uku a fannin sadarwa zai lura cewa kusan tambaya ɗaya ce ake ta jujjuyawa, watau wane tasiri rediyo, ko jarida, ko fim, ya yi a kan jama'ar wuri kaza. Mu kanmu da wannan tambaya muka tashi lokacin da muke ɗalibta, kuma ba mu taɓa tsayawa mun binciki inda ta fito ba. Abin da muke nufin yi a wannan takarda shi ne mu bi salsalarta, domin a ganinmu yaƙi da siyasar wata ƙasa ne suka haife ta, sa'an nan aka kawo mana ita a matsayin ilmi tsantsa.

Koyar da aikin jarida a jami'a ya girmi nazarin sadarwa. An buɗe makarantar aikin jarida a Jami'ar Missouri ta Amurka a 1908, kuma Karl Bücher ya kafa cibiyar nazarin jaridu a Leipzig ta Jamus a 1916. Amma ta Missouri sana'a take koyarwa, ta Leipzig kuwa ta fi karkata ga tarihi da tattalin arzikin jaridu. Tambayar tasiri ta fara ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman da Harold Lasswell ya buga kundinsa na digiri na uku a kan dabarun farfaganda a 1927.

Bayan shekara goma, a 1937, Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi aka kafa shirin binciken rediyo a ƙarƙashin Paul Lazarsfeld, ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi ƙaura zuwa Amurka. A lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 1940 shi da abokan aikinsa suka zaɓi mutum kusan 600 a wani yanki na Jihar Ohio, suka riƙa komawa gare su wata-wata suna tambayarsu wanda za su zaɓa. Abin da suka tarar ya saɓa wa zatonsu. Mutane kaɗan ne jarida ko rediyo suka sauya wa ra'ayi, kuma waɗanda suka sauya ɗin sun fi ambaton wani ɗan'uwa, ko maƙwabci, ko abokin aiki. Daga nan aka samo ra'ayin cewa saƙo yakan bi matakai biyu, daga kafa zuwa ga masu faɗa-a-ji, daga gare su kuma zuwa ga sauran jama'a. Bahaushen da ya saba da zaman majalisa a ƙofar gida ba zai ga wani abin mamaki a nan ba.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya tara waɗannan masana wuri guda. Carl Hovland ya gwada finafinan da rundunar sojan Amurka take nuna wa sababbin kurata, ya gano cewa suna ƙara musu sanin abin da ya jawo yaƙin, amma ba su cika ƙara musu sha'awar shiga fagen fama ba. Cikin waɗanda suka yi aiki a ofisoshin yaɗa labaran yaƙi a birnin Washington akwai Wilbur Schramm, wanda asalinsa malamin adabin Ingilishi ne. Da ya koma Jami'ar Iowa a 1943, sai ya tsara karatun digiri na uku a fannin sadarwa, wanda galibin masu tarihin fannin suke ɗauka shi ne na farko irinsa. Ya kafa wata cibiya a Illinois a 1947, ya koma Stanford a 1955, ɗalibansa kuma suka bazu suna kafa sassa a wasu jami'o'i. Ke nan tun daga tushe, abin da aka horar da ɗalibin babban digiri ya nema shi ne hanyar da mai saƙo zai bi ya sauya tunanin mai sauraro, domin abin da masu biyan kuɗin binciken suke son sani ke nan, soja ne, ko gwamnati, ko 'yan kasuwa.

A nan ne ya kamata mu ɗan dakata a kan aikin Daniel Lerner, domin ta hanyarsa tambayar ta ƙetaro zuwa ƙasashe irin namu. A 1950 da 1951 an yi hira da mutane a ƙasashe shida, watau Turkiyya, da Labanan, da Masar, da Siriya, da Jodan, da Iran. Muryar Amurka ce ta ɗauki nauyin aikin, don tana son ta san masu sauraronta a lokacin yaƙin cacar baki da Tarayyar Sobiyet. Daga waɗannan amsoshi Lerner ya gina littafinsa na 1958 a kan gushewar al'ummar gargajiya. Wata tambaya da aka yi wa mutanen ƙauyen Balgat, kusa da Ankara, ita ce me za su yi in da su ne shugaban ƙasa. Wani mai kanti ya amsa nan take, wani makiyayi kuwa ya razana da a ce talaka irinsa ya kawo wannan a ransa. Lerner ya ɗauki mai kantin a matsayin mutumin zamani, makiyayin kuma wanda bai waye ba, ya ce kafofin watsa labarai su ne za su koya wa makiyayin hango kansa a matsayin da ba nasa ba. Mu dai muna ganin akwai wata fassara da ta fi wannan kusa. Baƙo ɗan birni ya zo da takarda da alƙalami yana tambayar talaka ko yana sha'awar kujerar shugaba. Ai mai hankali ne zai kama bakinsa.

Hukumar UNESCO ta rungumi wannan ra'ayi. Ta tsayar da ma'auni cewa kowane mutum 100 suna bukatar aƙalla kwafen jarida 10, da akwatin rediyo 5, da kujerar silima 2, da akwatin talabijin 2, kuma ita ta sa Schramm ya rubuta littafinsa na 1964 a kan kafofin watsa labarai da ci gaban ƙasa. Idan aka auna Kano ko Katsina ta wancan zamani da wannan mudu, za a ce babu sadarwar kirki a cikinsu. Mai shela, da sanƙira, da maroƙi, da mai wa'azin kasuwa, da almajirin da yake rera waƙar da aka rubuta da ajami, duk ba su da gurbi a lissafin. Haka kuma ma'aunin bai san cewa kwafi ɗaya na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, mutum ɗaya yakan karanta wa taro ba, balle akwatin rediyo ɗaya da unguwa take kewayewa da dare.

A cikin wannan yanayi aka kafa sassan farko a Nijeriya: Kwalejin Jackson ta aikin jarida a Jami'ar Nsukka a 1961, da cibiyar Jami'ar Legas a 1966 da taimakon UNESCO, sa'an nan sashen Jami'ar Bayero ta Kano a 1978. Da yawa daga cikin malaman farko a Amurka suka yi babban digirinsu, kuma da littattafan da suka karanta can suka dawo. Ba aibu ba ne, don a lokacin babu wasu.

Sai dai kuma kafin sashen Kano ya buɗe, ra'ayin ya riga ya fara tsagewa a gidansa. A Ingila, cibiyar da Richard Hoggart ya kafa a Birmingham a 1964, wadda Stuart Hall ya jagoranta daga baya, ta juya tambayar, ta koma kan ma'anar da mai sauraro yake ba saƙo gwargwadon matsayinsa a cikin al'umma. A 1976 Everett Rogers, wanda yana cikin manyan masu yaɗa tsohon ra'ayin, ya rubuta da hannunsa cewa zamaninsa ya wuce. Ƙasashe masu tasowa kuma suka matsa a kan rashin daidaito wajen kwararar labarai, har UNESCO ta naɗa kwamitin Seán MacBride a 1977, wanda masanin tarihin jaridun Nijeriya Fred Omu yana cikin wakilansa. Rahoton ya fito a 1980. Rigimar da ta biyo baya tana cikin dalilan da suka sa Amurka ta fice daga hukumar a 1984, Birtaniya ta bi ta a 1985.

A gida ma an yi yunƙuri. Frank Ugboajah na Jami'ar Legas ya dage a kan cewa hanyoyin sadarwa na baka su ma kafofi ne da suka cancanci nazari a jami'a. Amma lalle ne mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci: mafi yawan ayyukan da suka shiga cikin rayuwar sadarwa ta Hausawa daga wasu sassa suka fito. Malaman Hausa ne suka yi nazarin waƙa da roƙo da wasan kwaikwayon rediyo. Brian Larkin, wanda littafinsa na 2008 ya bi tarihin majigi da silima da rediyon waya a Kano, masanin halayyar al'umma ne. Abdalla Uba Adamu kuwa daga fannin ilmin koyar da kimiyya ya tsallako zuwa nazarin littattafan soyayya da finafinan Hausa.

A 2020 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da raba digirin farko na sadarwa zuwa rassa bakwai, har da fim, da talla, da sadarwa don ci gaba. Wannan ya taɓa sunayen kwasa-kwasai, amma bai taɓa takardar tambayoyin da ɗalibin digiri na biyu yake fita da ita ba. Ba da daɗewa ba aka kawo mana wani kundi mu duba, a kan tasirin wani shirin rediyo na kiwon lafiya ga matan karkara. An rubuta tambayoyin da Ingilishi, aka fassara su da baki a zaure, mazajen matan suna zaune suna ji. Ɗalibin ya cika shafi fiye da 20 da jadawalin amsoshi, amma babu inda ya ambaci a hannun wa rediyon gidan yake kwana.