Fiyano da Kalangu: Abin da Rayuwar Akin Euba Ke Faɗa wa Masu Nazarin Kiɗan Hausa

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a tsakanin masu nazarin kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa, wai fiyano ce ta kashe kiɗan gargajiya. Hujjarsu a fili take. A gidan biki a Miga ko Jahun ko Dutse, inda a da ake kiran mai kalangu, yau saurayi ɗaya ake ɗaukowa da fiyanon lantarki da lasifika, ya danna maɓalli injin ya yi ta maimaita kiɗa guda har dare ya raba. Na yarda an yi asara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora laifin a kan abin kiɗan, kuma shaidata ita ce rayuwar wani makaɗin fiyano ɗan Nijeriya.

An haifi Akin Euba a Legas a 1935, ya rasu a 2020. Ya koyi fiyano da tsara kiɗa a Trinity College of Music da ke Landan, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyon tarayya, sannan ya ƙaro ilimi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis. A 1974 ya sami digirin digirgir a Jami'ar Ghana, kuma abin da ya nazarta shi ne dundun, gangar Yarbawa mai magana, 'yar'uwar kalangunmu. Ya kammala aikin koyarwa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. 

Abin lura shi ne inda ya nufa bayan ya ƙware. Mutumin da ya iya kiɗan Turawa sarai ya koma ya zauna gaban masu ganga yana ɗaukar darasi. Daga nan ya fito da tafarkin da ya kira fiyanon Afirka, wato a ɗauki fiyano a matsayin abin bugawa, a ba hannu ɗaya aikin riƙe kiɗa, ɗayan ya riƙa shiga yana fita, a gina kiɗan bisa maimaici da saɓanin bugu kamar yadda ganguna ke yi. Ya gwada haka a kiɗansa mai suna Scenes from Traditional Life (1970), kuma wani mai tsara kiɗa, Joshua Uzoigwe, ya bi sawunsa da Talking Drums.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa matsayina ita ce ta masanin kiɗa Kofi Agawu, wanda ya nuna cewa tsarin haɗa muryoyi na Turai, da ya shigo ta waƙoƙin coci da makarantun mishan, shi kansa wani makami ne na mulkin mallaka. Fiyano tana da maɓalli 88, an raba kowane zango gida 12 daidai wa daida, kuma babu yatsan da zai iya fitar da sautin da ke tsakanin maɓalli biyu. Kalangu ba haka yake ba. Makaɗi yana rataye shi a hammata, ya matse tsarkiya da damtse fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauko, har ma ya buga sau ɗaya ya sassauta hannu sautin ya zamo ƙasa kafin ya mutu. Da wannan zamowar yake kwaikwayon karin sautin Hausa mai faɗuwa, da ita mahauci ke jin takensa ya san shi ake kira. Fiyanon katako ba za ta taɓa yin wannan ba.

Wannan suka ta tilasta mini rage faɗin da'awata. Ba zan ce fiyano tana iya magana da Hausa ba, kuma ina ganin duk wanda ya ce ta maye gurbin kalangu a wajen take da kirari bai saurara da kyau ba. Abin da hujja ta ba ni damar faɗa ya fi haka ƙanƙanta: ginin kiɗan, wato rabon aiki tsakanin ganguna, da jagora da amshi, da yadda ake jinkirta bugu a sake shi, ana iya ɗora shi a kan fiyano ba tare da ya lalace ba. Euba ya nuna hakan da kiɗan Yarbawa, kuma ban ga dalilin da zai hana kalangun Shata ko kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo samun irin wannan hidima ba.

A tuna kuma cewa algaitar da ake busa wa Sarkin Dutse ranar hawan Sallah daga Arewacin Afirka kakanninta suka zo, yau kuwa ba mai kiranta baƙuwa, domin Hausawa sun hore ta ta bi kunnensu. Saurayin Miga mai fiyano bai sami wanda zai zaunar da shi gaban tsohon makaɗi ba, shi ya sa yake bin abin da kamfani ya zuba a cikin injin. Wannan giɓin ilimi ne, kuma cike shi ya rataya a wuyanmu. Ya kamata jami'o'inmu, har da Jami'ar Tarayya ta Dutse, su naɗi kiɗan makaɗan da suka rage a ƙauyukan Jigawa, su rubuta tsarin bugunsu, su haɗa su da matasan da ke riƙe da fiyano tun tsofaffin suna da ƙarfin matse tsarkiya.