Dajin Kainji da masu gadinsa

Mu 'yan Suleja, in aka ce wurin kallo a Jihar Neja, Dutsen Zuma muke nunawa, sai ruwan Gurara. Amma in ka bi ta Minna, ka wuce Bida da Mokwa ka nufi Sabuwar Bussa, akwai dajin da ya fi murabba'in kilomita 5,300, kuma shi ne gandun namun daji na ƙasa na farko a Najeriya.

Wannan yanki ya daɗe yana jan masu yawon binciken ƙasa. A Bussa ruwan Kwara ya ci Mungo Park. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka tashi daga nan cikin kwalekwale har suka isa teku, kuma tare da su akwai wani Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ne tafintansu, amma da wuya ka ji an ambaci sunansa a makarantunmu. Tsohuwar Bussan kanta ta nutse a 1968 da aka datse kogin a Kainji.

An keɓe dajin Borgu a 1962, na Zugurma a 1971, sannan aka haɗe su a 1979 suka zama gandun dajin Kainji. A lokacin Borgu tana Jihar Kwara, sai 1991 ta dawo Neja. Tun 1978 kuwa aka buɗe kwalejin tarayya a Sabuwar Bussa don horar da masu kula da namun daji.

Aikin gadin daji ba wasa ba ne. Mutum ya kwana a bakin kogin Oli, ya tashi da asuba yana bin sawu: wannan kofaton gwanki ne, wannan na ɓauna, nan dorina ta fito kiwo cikin dare. Yana tafe yana laluben tarkon waya a cikin ciyawa, yana duba kututturen madobiyar da masu sarar katako suka kayar. Da rani ga gobarar daji, da damina ga tsando.

Abin da ya fi damuna shi ne zaki. A duk faɗin Najeriya, Kainji da Yankari kaɗai suka rage masa, kuma 'yan kaɗan ne. Yanzu 'yan bindiga sun kafa sansani a sassan dajin, baƙi sun ɗauke ƙafa, mai gadin da aka horar don ya kama mafarauci ya wayi gari yana fuskantar mutanen da suka fi shi makami nesa ba kusa ba. Allah Ya kare su, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya.