Tarihin Idon Da Ke Kama Elektaron

Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a asibiti ya ga madubin nan da mai awo ke leƙawa, wanda ake ce ma mikroskop. Da haske yake aiki. Yana nuna ƙwayar zazzaɓin sauro cikin jini, amma furotin, wato ƴan mitsi-mitsin ma'aikatan da ke tafiyar da jikin duk mai rai, sun fi ƙarfinsa.

A shekarar 1931, a birnin Balin na Jamus, Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin da ke aiki da elektaron, ƴan ƙwayoyin nan da gudunsu cikin waya ke ba mu wutar lantarki. Ana harba su, su ratsa abin da ake son gani. To, amma idon mutum ba ya ganin elektaron. Sai an samu abin da zai tare su ya riƙe hoton. Nan ne gizo ya yi ta saƙa har wajen shekara 80.

Da farko fim aka riƙa sawa, irin na masu ɗaukar hoto na da, wanda ake wankewa cikin ɗaki mai duhu. Hotonsa ba laifi, sai dai nawa. Ga kuma wata matsala: elektaron na ƙona furotin. In an harba da yawa abin ya lalace, in an harba kaɗan hoto ya fito dishi-dishi. A farkon shekarun 1980 Jacques Dubochet ya gano yadda ake daskarar da furotin cikin ruwa farat ɗaya, ƙanƙarar ta zama garau kamar gilashi. A 1995 Richard Henderson na Kambirij, a Ingila, ya yi lissafi ya nuna cewa ta wannan hanya ana iya kaiwa ga ganin atom, in dai an kama elektaron ɗin da kyau. Mutane da yawa ba su gaskata ba.

Cikin shekarun 1990 aka shigo da kyamarar CCD, mai aika hoto cikin kwamfuta nan take. Amma ba ta jure dukan elektaron. Sai aka sa wani faifai gabanta mai juya su haske, ita kuma ta ɗauki hasken. Kun san saƙon da ya bi ta bakin tafinta. Hasken yakan bazu, hoto ya dagule, har masu neman aiki mai kyau suka ci gaba da wankin fim.

Maganin ya fito daga wajen masu binciken ƙananan ƙwayoyin da ke cikin atom, waɗanda suka saba ƙera na'urar da ke jure irin wannan duka. A Kambirij Henderson ya haɗa kai da Wasi Faruqi, a Kalifoniya ta Amurka ma wasu suka duƙufa. Suka ɗauki faifan silikon ɗan uwan wanda ke cikin kyamarar salula, suka ƙarfafa shi, suka kankare bayansa ya yi siriri, don elektaron ya wuce abinsa kada ya dawo ya ɓata hoto. An sallami tafinta ke nan. Wajen 2012 kamfanoni uku, Gatan da FEI da Direct Electron, suna sayar da irin wannan ido.

Na Gatan, mai suna K2, yana ɗaukar hoto 400 cikin daƙiƙa ɗaya, har yana ƙirga elektaron ɗai-ɗai. Saurin nan ya warware wata tsohuwar damuwa. Ashe da zarar elektaron sun taɓa ƙanƙarar sai ta motsa, kamar yaron da ya ƙi tsayawa gaban mai hoto. Yanzu sai a ɗauki hotuna jere kamar silima, kwamfuta ta daidaita su, ta mai da kowane wurinsa.

A ƙarshen 2013, a San Faransisko, Yifan Cheng da David Julius suka fitar da siffar TRPV1. Wannan furotin shi ke sa harshenka ya ji barkono kamar wuta, don shi ne kuma ke jin zafin ruwa mai ƙuna. Shekaru ana nemansa ta wasu hanyoyi an kasa. A 2014 aka ga ribozom, masaƙar furotin ta ƙwayar zazzaɓin sauro, da magani manne a jikinta.

An ba Dubochet da Henderson da Joachim Frank kyautar Nobel a 2017. Sun cancanta, ko da yake a ganina maƙeran idon ba su samu yabon da ya kamace su ba. A watan Fabrairu na 2020, ƴan makonni bayan ɓullar korona, masana a Tekzas suka fitar da siffar ƙayar da ƙwayar cutar ke shiga jiki da ita. Cikin wannan shekara kuma, a Jamus da Ingila, aka ga atom ɗai-ɗai cikin wani furotin mai ajiye ƙarfe, shekara 25 bayan lissafin Henderson.